Filin Jirgin Malam Aminu Kano: Zangon da Aka Daina Yada Kaya, da Abin da Jingina Ke Nufi ga Mutanen Zariya

Duk lokacin da maganar jinginar da filayen jiragen sama ta taso a labarai, hira takan yi zafi a Zariya, daga majalisun Tudun Wada har zuwa na malaman jami'a a Samaru. Wani ya ce an sayar wa Turawa filin jirgin Kano, wani ya ce ai an fasa tuntuni, wani kuma ya ce haya kawai aka bayar. Ba abin mamaki ba ne maganar ta dami Zazzagawa. Garin ya saba da ƙugin ƙananan jiragen koyo a saman Palladan tun bayan kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi a 1964, amma har yau duk mai niyyar Umara, ko fatauci a Dubai, ko kai marar lafiya Masar, sai ya kama hanyar Kano, Kaduna ko Abuja. Kano ce mafi daɗewa a cikin ukun, kuma tarihinta ne ya fi bayyana inda gizo ke saƙar.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Ba girman gini ne ke sa a kira fili "na ƙasa da ƙasa" ba. Gwamnati ce ke ayyana shi a matsayin ƙofar shiga ƙasa, ta zuba masa jami'an shige da fice, kwastan, masu duba lafiya da masu binciken tsirrai da dabbobi. Sai dai sunan kaɗai ba ya kawo jirgi. Kafin kamfanin wata ƙasa ya sauka a Kano, sai yarjejeniyar sufurin sama da ke tsakanin Najeriya da ƙasarsa ta ba shi izinin wannan birni da adadin sawun da zai yi a mako, sannan shi kamfanin ya yi lissafinsa ya ga kujerunsa za su cika.

Hukumomin ma da yawa ne, kuma jama'a sukan ɗora laifin wannan a kan wancan. FAAN ce ke riƙe da filayen gwamnatin tarayya. NCAA ce mai sa ido da ba da lasisi. NAMA ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin sama da na'urorin da ke yi musu jagora, NiMet kuma ke ba da bayanin yanayi. Kwalejin NCAT ta Zariya tana horar da matuƙa, injiniyoyi da masu aiki a hasumiya.

Sai kalmar da ta fi rikita mutane. A wurin Bahaushe, jingina ita ce ka ba da gonarka ka karɓi kuɗi, mai kuɗi ya yi ta nomawa har ranar da ka biya ka fanshi abinka. Abin da gidajen rediyo ke kira jinginar filin jirgi ya fi kama da haya mai dogon wa'adi: kamfani ya karɓi wani sashe na filin na wasu shekaru, ya zuba jari, ya riƙa karɓar kuɗin shiga, ya ba gwamnati kasonta, in wa'adi ya cika ya mayar. Mallaka ba ta barin hannun gwamnati. A tsarin da ma'aikatar sufurin jiragen sama ta gabatar zamanin minista Hadi Sirika, gine-ginen fasinjoji da na kaya ne za a bayar, kula da sararin sama kuwa yana nan a hannun hukuma.

Daga filin sukuwa zuwa mahaɗar nahiyoyi

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Birtaniya ƙirar DH.9A suka sauka a filin sukuwa na Kano, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga wannan rana ake lissafa tarihin jirgin sama a Najeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirgar wasiƙu da fasinjoji daga Khartoum zuwa Kano, daga baya ya miƙa hanyar har Legas. Wato jirgin fasinja ya shigo ƙasar nan ta Arewa, ta gabas, kusan bisa turbar da mahajjata ke bi da ƙafa.

Me ya sa Kano? Amsar tana cikin taswira. Tun zamanin ayarin raƙuma Kano zango ce: mai ƙetare Sahara ta Agadas da Gat zuwa Turabulus a nan yake shiri, wanda ya ƙetaro kuma a nan yake sauke kaya. Jiragen farko masu farfela suna da irin matsalar raƙumi, ba sa iya dogon zango ba tare da sun sha ba. Duk jirgin da zai haye hamada yana buƙatar wuri a bakinta mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da gari babba, da hanyar kawo mai. Layin dogo da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911 ya riga ya share wannan hanya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa filin nauyi. Da hanyar Bahar Rum ta yi haɗari ga Birtaniya, tun daga 1940 sai aka riƙa kai jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da yanzu ake kira Njamena, su ratsa Sudan zuwa Masar. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Yaƙin ya bar wa Kano titin sauka mai kyau, na'urorin sadarwa da ma'aikatan da suka san aiki.

Bayan yaƙi sai kamfanonin Turai suka gaji wannan shiri. BOAC na Ingila, Sabena na Beljiyam mai zuwa Kwango, da KLM na Holan wanda ya fara sauka a 1947, duk sun mai da Kano wurin shan mai a hanyarsu ta kudancin Afirka. A shekarun 1950 Kano na cikin filayen da suka fi hada-hada a nahiyar. Amma akwai abin lura a nan, kuma shi ne ginshiƙin duk wannan bayani: yawancin mutanen da ke cikin jiragen nan ba Kano za su ba. Masu wucewa ne. Su sauko, su miƙe ƙafa, a zuba wa jirgi mai, su koma. Girman filin a wancan lokaci bai dogara ga yawan 'yan Arewa masu tafiya ba, ya dogara ga gajartar zangon jirage.

Yadda aka fara tsallake Kano

Daga ƙarshen shekarun 1950 jirage masu injin jet irin su Boeing 707 suka shigo, kuma suna iya tashi daga Landan su dire Legas ba tsayawa. Buƙatar yada zango a bakin hamada ta ragu shekara bayan shekara. Babu wanda ya ƙulla wa Kano wannan, ci gaban ƙira ne, kuma haka ya faru da Gander a Kanada da Shannon a Ayalan, waɗanda su ma zangon masu ƙetare teku ne.

Sauran dalilan na cikin gida ne. Arzikin man fetur ya ja kamfanoni da baƙi zuwa Legas da Fatakwal. Da gwamnati ta koma Abuja a Disamban 1991, jakadu, manyan ma'aikata da 'yan kwangila suka sami filinsu, kuma ɗan Kaduna ko Zariya da a da sai ya je Kano ya sami wata ƙofar. Masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa saboda tsadar wuta, faɗuwar naira da kayan waje masu araha, kamar yadda masaƙun Kakuri suka mutu a Kaduna. Masana'anta in ta rufe, tana tafiya da injiniyan da ke zuwa daga Jamus, da manajan da ke sayen kujerar gaba mai tsada, kuma wannan kujera ce ke biya wa kamfanin jirgi kuɗin mai. Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya daina tashi a 2003. KLM ya janye a 2012 bayan shekara 65, a shekarar da hare-haren Boko Haram na 20 ga Janairu suka girgiza birnin.

Alhazai da 'yan kasuwa suka riƙe filin

Abin da ya hana filin zama kango shi ne mutanensa. Aikin Hajjin da kakanni ke yi a ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu su shekara bakwai, wasu su zauna a can har abada, ya koma tafiyar sa'o'i kaɗan. Jigilar alhazai ta zama babbar kakar filin, kuma a kanta kamfanonin 'yan Arewa suka ginu: Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo tun 1980, sannan Max Air da Azman, sai Rano Air a baya-bayan nan.

Wannan tarihi yana da ranar baƙin ciki da tsofaffi ba su manta ba. Ranar 22 ga Janairu 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi shata don dawo da alhazai daga Jidda, aka karkato shi daga Legas saboda rashin kyan yanayi. Wajen sauka a Kano ƙafafunsa suka karye, ya kama da wuta, mutum 176 daga cikin 202 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A 4 ga Mayu 2002 kuma jirgin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, aka rasa fiye da mutum 100, har da na ƙasa. Wannan na biyu ya nuna wata matsala da har yau ba a magance ba: filin da aka gina a bayan gari, gari ya zo ya kewaye shi.

Ban da alhazan hukuma akwai na jirgin yawo, da masu Umarar azumi, da 'yan Kantin Kwari masu zuwa Dubai da Sin, da ɗalibai da marasa lafiya masu zuwa Alƙahira da Indiya. Shi ya sa jiragen waje da ke zuwa Kano a yau, irin su Saudia, EgyptAir, Ethiopian da Qatar Airways wanda ya fara a 2022, duk gabas suke fuskanta. Kasuwa ce ta gaske, sai dai tana da kaka da rani, kuma fasinjanta mai neman araha ne da kaya masu nauyi.

Sabon gini, bashi, da batun jingina

A 2013 gwamnatin tarayya ta ci bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin don gina sababbin zaurukan fasinjojin waje a Legas, Abuja, Fatakwal da Kano, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya yi aikin. Na Fatakwal da Abuja aka buɗe a 2018, na Kano ya biyo baya. Tsakanin haka annobar korona ta sa aka rufe filaye a Maris 2020. Legas da Abuja suka koma karɓar jiragen waje a Satumban shekarar, Kano kuwa sai Afrilun 2021. Waɗannan watanni bakwai sun bar tabo a zukatan 'yan kasuwar Arewa.

A Mayun 2023, ana saura kwanaki gwamnatin Buhari ta sauka, majalisar zartarwa ta amince a ba gamayyar da kamfanin Corporación América Airports ke jagoranta filin Abuja na shekara 20, na Kano na shekara 30. Da sabon minista Festus Keyamo ya kama aiki a shekarar, ya dakatar da shirin don a sake dubawa. Daga nan ruɗanin ya samo asali: an amince, sannan an dakatar, kuma gwamnati ba ta daina cewa tana son 'yan kasuwa su shigo harkar filaye ba. Mayar da hedikwatar FAAN daga Abuja zuwa Legas a farkon 2024 ya ƙara wa masu zargi ƙarfin gwiwa, ko da yake ma'aikatar ta ce rashin ofisoshi da yawan aiki a Legas ne dalili.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon baya suna cewa gwamnati ta iya gini amma ba ta iya riƙo ba. Na'urar sanyaya ɗaki, bel ɗin kaya da matakalar lantarki suna buƙatar gyara a kan kari, ba jiran kasafin kuɗi ba. Kamfanin da ribarsa ta rataya a kan yawan fasinja zai bi kamfanonin jirage har gida ya roƙe su, ya rage musu kuɗin sauka, abin da ma'aikacin gwamnati ba shi da dalilin yi. Sukan ba da misali da zauren MMA2 na Legas da kamfanin Bi-Courtney ya gina ya buɗe a 2007.

Masu adawa, musamman ƙungiyoyin ma'aikatan jiragen sama, da wannan misalin suke kafa tasu hujjar, domin an shafe shekaru ana shari'a tsakanin kamfanin da gwamnati a kan tsawon wa'adi da abin da yarjejeniyar ta ƙunsa. Suna tambaya: don me za a ci bashi a yi gini, sannan a miƙa wa wani ya ci riba talaka na biyan bashin? Suna tuna yadda ma'aikatan Nigeria Airways suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka mutu. Hujjarsu mafi nauyi kuwa ita ce ta lissafi. FAAN na riƙe da filaye fiye da 20, kaɗan ne ke ciyar da kansu, kuma rarar Legas da Abuja ce ke ɗauke da sauran. In an cire masu tsoka, wa zai riƙe Kaduna, Sakkwato da Yola?

Akwai ɓangare na uku, 'yan kasuwa da 'yan siyasar Arewa, waɗanda damuwarsu ba wane ne ke riƙe da gini ba ce. Su a ganinsu da gangan ake karkatar da jiragen waje zuwa Legas da Abuja, zargin da ya yi ƙarfi a wajajen 2012 da 2013, ma'aikatar kuma ta musanta. Zargin yana da inda ya dafa, tunda izinin sauka a hannun gwamnati yake, kuma jinkirin 2021 ya faru a idon kowa. Amma bai bayyana komai ba. A 2017, da aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titinsa aka mayar da jirage Kaduna, izini a buɗe yake ga kowa, duk da haka manyan kamfanonin Turai suka ƙi zuwa, Ethiopian ne ya zo. Ƙofa a buɗe ba ta tilasta wa baƙo shiga in bai gamsu da tsaro da riba ba.

In aka auna hujjojin uku da tarihin filin, abu ɗaya ke fitowa. Kano ba ta rasa jirage don rashin gini ba, kuma sabon gini bai dawo da su da kansa ba. Kowace yarjejeniya, ta jingina ce ko ta gwamnati, da wannan ya kamata a gwada ta: shin za ta ƙara mutane da kayan da ke tashi daga Arewa?

Ina ruwan Bazazzage?

Na farko shi ne hanya. Daga Zariya zuwa Kano kimanin kilomita 140 ne, zuwa Kaduna kimanin 80, zuwa Abuja kuwa ya haura 240. Duk jirgin waje da ya daina zuwa Kano, iyalin da ke rakiyar tsoho zuwa asibitin Alƙahira za su biya kuɗin mota mai nisa, da kwana a otal, da fargabar rashin tsaro a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Alhazan jihar Kaduna daga filin Kaduna suke tashi, to amma mai Umara da ɗan kasuwa da ɗalibi, rabonsu yana ɗaure da lafiyar filin Kano. Titin Abuja zuwa Kano da aka fara sake ginawa a 2018, da layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 wanda zai bi ta Zariya, za su iya yi wa filin amfanin da ya fi na kowane sabon zaure, domin su ne za su tattaro masa fasinja.

Na biyu shi ne kuɗin tikiti, kuma a nan kada a sa rai da yawa. Abin da ya fi ɗaga tikiti shi ne farashin dala, tsadar man jirgi da ƙarancin kamfanonin da ke gasa a hanya ɗaya. Lokacin da kuɗaɗen kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har Emirates ya dakatar da zuwa a 2022, tikiti ya yi tashin gwauron zabi ba tare da wani ya taɓa filin jirgi ba. Abin da jingina za ta iya taɓawa kai tsaye shi ne harajin fasinja, kuɗin ajiye mota, hayar shaguna da izinin direbobin haya. Saboda haka sashen yarjejeniya da ya kamata 'yan majalisa su karanta da idon basira shi ne wanda ya faɗi wane ne ke da ikon ƙara waɗannan kuɗaɗe, kuma sau nawa.

Na uku, manoma. Ana yawan cewa filin Kano zai buɗe wa amfanin gona kasuwar duniya. Riɗi, zoɓo da citta da ake tarawa a Dawanau kaya ne masu nauyi, jirgin ruwa ya fi dacewa da su. Jirgin sama na kayan da ke saurin lalacewa ne ko masu tsada: ɗanyen barkono, kayan lambu, nama, jemammiyar fata. Waɗannan suna buƙatar ɗakin sanyi mai wutar da ba ta yankewa, da takardar gwajin da ƙasar da za a kai ta yarda da ita. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, ba don rashin jirgi ba. A nan Zariya ke da abin bayarwa, da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta fasahar fata a Samaru, da ta binciken dabbobi a Shika.

Sai kwalejin Palladan. Kashi 5 cikin 100 da ake cira daga kuɗin tikiti ana raba shi ne tsakanin hukumomin jiragen sama, kuma NCAT na da kaso a ciki. Kowane fasinja da ya tashi daga Kano yana sa wani abu a asusun makarantar da ta yaye Chinyere Kalu, mace ta farko matuƙiyar jirgin fasinja a Najeriya. Yaran da iyayensu suka sayar da gona suka biya musu kuɗin koyon tuƙi kuwa, aikinsu yana jiran ƙaruwar jirage a hannun kamfanonin gida.

Akwai kuma abin da jingina ba za ta taɓa ba ko kaɗan. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe sararin Kano, a yi ta jinkirta jirage ko a soke su. Ko jirgi zai iya sauka a irin wannan rana ya danganta ne da ingancin na'urar jagorar sauka da fitilun titi, da kayan aikin jirgin kansa, da horon matuƙinsa. Na'urar tana hannun NAMA, lasisin yana hannun NCAA. Mutumin da ya bar Kwangila a Zariya da asuba a watan Janairu ya iske an soke jirginsa, ko wane ne ke riƙe da zauren da yake zaune a ciki, a wurin waɗannan hukumomi biyu da kamfanin da ya sayar masa da tikiti zai nemi bayani.